Layin Ƙishirwa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan kana lafiya, kai da abokan waldarka a wajen aikin gadar nan. Tun da waya ba ta kamawa a can, na ba direban motar siminti wannan takarda. Gara ka ji daga gare ni, don ya ga fuskata, kuma ka san cikinsa ba ya ajiye magana.

Baba lafiya. Sharar da na samo masa a tashar binciken da nake aiki ta karɓe shi. Tarin yana nan, amma ya daina zaman nan na zuba wa bango ido. Shi ke share hanyoyi da bayan gidan raga, inda muke renon tsiron shinkafa, yana tashi da azahar.

Kullum kana yi mini tsiya wai ni mai renon ciyawa ne, to bari in faɗa maka aikin, don sai da shi za ka gane sauran. Akwai Malama, wadda ke karatun digirinta na ƙarshe a kan shinkafa. Muna da layi uku na tukwanen roba, arba'in arba'in. Masu shuɗin ƙyalle ana ba su ruwa kullum. Masu rawaya ruwan gishiri. Masu ja kuwa, in sun kwana goma sha biyu da tsirowa, sai a yanke musu ruwa ƙaf har kwana tara. Shi muke kira layin ƙishirwa. Rana ta ashirin da ɗaya in yanke ganye da almakashi, in jefa cikin ƙanƙara kafin a ƙirga goma, in niƙa a turmin tangaran mai sanyi har yatsuna su mutu.

Abin da take nema sunansa enzayim. Yadda ta fahimtar da ni, wasu 'yan ma'aikata ne a cikin ganye da ido ba ya gani. In tsiro ya shiga wahala sai wasunsu su tashi tsaye, aikinsu ya ninka, don su kare shi. Irin da ma'aikatansa suka fi tashi, shi ne zai iya jure shekarar fari. Na'ura ce ke faɗin lambar. In turmi ya yi ɗumi ma'aikatan sun mutu, lamba ta yi ƙarya, shi ya sa ake son mai hannu da sauri.

To, lamba ta fito, layin ƙishirwa daidai da layin da ya ƙoshi. Malama ta maimaita sau uku, sannan ta zauna ta dafe kai. Ta ce ko dai an gauraya ƙyallaye, ko wani ya ba su ruwa. Ba ta ɗaga murya ba, rahoto kawai ta rubuta wa ofis. Ofis ya kira Heluma, shugabanmu na leburori, don shi ke riƙe da mabuɗin gidan raga.

Heluma mutum ne da ba ya magana sau biyu, ta biyun da hannu yake yi. Bara ya cire wa wani haƙori don ya bar famfo a buɗe. Ya fito daga ofis ya same ni ina wanke kwalabe, bai tambaye ni komai ba, ya naɗo tiyon ban-ruwa ya fara. Bakwai na ƙirga a baya, ɗaya ta kauce ta sami ido. Leburori suna tsaye, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Da ya gaji ya ce in wanke jinin daga kwalaben gwamnati.

Na ce wa Baba ƙarfen ƙofa ne na yi karo da shi. Idon yana buɗewa yanzu. Mun sake shuka. Kada ka tayar da hankalinka.

Ka huta lafiya, Allah Ya kiyaye ka daga tartsatsi.
Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda, kuma direba ya ce idon kamar ƙwan agwagwa.

Bakwai ka ƙirga? Ana dukanka kana lissafi, ɗan malam? Tun kana ƙarami haka kake, a ƙwace maka abu ka tsaya kana kallon takalmin wanda ya ƙwace. Haƙurin nan naka ba ibada ba ne, ciwo ne. Ka gaya wa wannan Heluma kana da wa, kuma aikin wan naka narka ƙarfe ne, bare bakin mutum.

Amma wani abu bai zauna mini ba. Kai da kake gane akuyar wani a cikin garke daga tafiyarta, kai ne za ka gauraya ja da shuɗi? Ruwa ba ya tsami banza. Ka buɗe idon da ya rage maka ka gano wanda ya yi, ka rubuto mini sunansa.

Ka gaida Baba, ka ce ya riƙa shan maganin tarin, ba ajiya aka ba shi ba.
Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ban girma. Na daɗe ban amsa ba, ba raini ba ne, rasa ta inda zan fara na yi. Ka ce in gano wanda ya yi. Na gano.

Da aka yanke wa layin ja ruwa a shuka ta biyu, sai na riƙa ɗora tukwane biyar a sikeli, da yamma da kuma da safe, ba wanda ya sa ni. Tukunya mai ƙishirwa raguwa ya kamata ta yi. Waɗannan ƙaruwa suke yi, kamar rabin kofi. Amma saman ƙasar a bushe ƙurmus. Na sa yatsa na tona gefe, sai ga danshi a gindin saiwa. Wani ne ke huda rami da yatsa, ya zuba ruwa kaɗan, ya rufe da busasshiyar ƙasa don rana kada ta sha. Yaya, ka san wanda ya koya mana wannan.

Masu shara suna riga mu zuwa da awa guda. Washegari na bi bayan Baba. Yana da mabuɗin ƙofar baya don kwashe ƙasar da ta zube. Na same shi da butarsa ta alwala, yana bin layin ja tukunya tukunya, yana yi musu magana ƙasa ƙasa kamar mai lallashin jinjiri. Da ya gan ni ko gezau. Ya kira ni da hannu ya nuna mini wani tsiro.

"Auta, ka ga yadda ta naɗe ganye? Shekarar da gonarmu ta ƙone haka ta yi kwana uku kafin ta mutu, ba ni da ko cikin cokali in ba ta. Yau ga famfo, taku uku."

Na zaunar da shi a kan buhun taki na yi masa bayani tun daga farko. Na ce da gangan ake hana su, don a gano irin da zai ceci gonar wani irin tasa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko su 'yan ma'aikatan cikin ganyen ba sa shan ruwa. Ya ce shekararsa hamsin yana noman shinkafa bai taɓa jin ilmin da sai an azabtar da abu yake fitowa ba, kuma Malamar nan yarinya ce mai kirki amma ba ta taɓa binne amfanin shekara ba. Daga ƙarshe ya ce to. Ka san "to" ɗin Baba.

Lokacin an riga an yi kwana shida yana ba su. Na rasa bakin gaya wa Malama. Ita ba ta iya ɓoye abu, rubutawa za ta yi, takarda kuma ta hannun Heluma take bi. Na yi shiru na yanka ganye na niƙa, ina sane da abin da na'ura za ta ce. Wannan ya fi tiyon ciwo.

Lamba ta sake fitowa daidai da ta layin da ya ƙoshi, aka ba Heluma takardar gargaɗi ta ƙarshe. Da la'asar, bayan Baba ya tashi, ya jera mu mu bakwai a tsakar fili. Ya fara da mai tura baro, ya mare shi har ya zauna, ya take masa ciki. Ya wuce na biyu. Yana duka yana cewa zai bi mu ɗaya bayan ɗaya, in ba a samu ba gobe da safe zai fara da tsohon nan mai shara, tun da shi ma yana da mabuɗi. Ya ce tsufa ba ya hana ƙashi karyewa.

Sai na ce ni ne. Na ce gyangyaɗi nake yi na riƙa zuba wa ja maimakon shuɗi.

Ya kama hannuna na hagu ya ja ni har ƙofar sito, ta ƙarfe ce, ya ɗora yatsuna a jikin madogara, ya tambaye ni ko wannan ne hannun mai gyangyaɗin. Ya rufe ƙofar sau biyu. A ta farko na ji ƙarar kafin zafin. Yatsu biyu sun karye, farcen ɗaya ya tafi. An ɗaure su a asibiti.

Malama ta zo ta ga hannun, ta je ta yi wa Heluma faɗan da ban san tana da shi ba. Ya ce iska ce ta buga ƙofa, leburori suka ce ba su gani ba, ni ma na ce iska ce. Ta hana a kore ni, ta ce ba ta da mai niƙa kamar ni. Da muka rage mu biyu ta daɗe tana kallona, ta ce ba ta yarda da zancen gyangyaɗi ba. Irin da ya rage mata na shuka ɗaya ne, lokacinta kuma ya kusa ƙarewa.

Baba ya san ƙofa ce ta datse ni, iyakar abin da ya sani ke nan. Har faɗa ya yi mini wai ni da ƙofofi ba ma shiri. Na karɓe mabuɗinsa, kuma in kwanakin ƙishirwa sun zo zan ce ofis ya ba shi hutu.

Roƙona ɗaya, kada ka zo. In ka zo da zafinka magana za ta fashe, ta faɗa kansa. Ƙirjin Baba ba zai ɗauki ko ɗaya daga abin da na ɗauka ba. Yatsa yana warkewa.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Salam. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na jefa guduma ta fasa gilashin janareto, yanzu haka ana harara ta.

Da zan iya da yau na taho, amma an hana kowa fita sai an gama zuba kankaren tsakiya. Ina gamawa ina hanya, ko ka so ko ka ƙi.

Ka ji abu ɗaya daga bakin mahaukacin wanka. Ka gaya wa Baba gaskiya. Ka kwance ɗaurin ka nuna masa yatsun, ka ce ga kuɗin butarsa. Muddin yana ganin shinkafa kaɗai ke shan wahala, zai koma. Ɓoye mabuɗi ba zai tsare mutumin da ya taɓa tafiyar yini guda da jarka a ka don kadada ɗaya ba. Kai kana da ido, amma ni na riga ka saninsa.

Allah Ya ba ka lafiya.
Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi, a ɗakin tsare mutane na ofishin 'yan sanda. Malama ce ta kawo mini takarda da biro, ita za ta kai wa direba.

Ka ce in gaya masa, ban gaya ba. Sau biyu na fara kwance ɗaurin a gabansa na fasa. Na san in ya ji, da ƙafarsa zai je ya tsaya gaban Heluma ya ce shi ne. Na ga kwana tara ne kacal, zan iya tsare shi. Gaskiyarka ce, ka riga ni saninsa.

Da aka yanke ruwa a shuka ta uku, kwana shida yana gida. Kullum in na dawo sai ya tambaye ni ya tsiron suke, in ce lafiya, ya ce ƙarya nake yi, ya gani a fuskata. Rana ta bakwai na tashi da safe ban ga takalmansa ba, ban ga butar ba.

Abin da ban sani ba, Heluma ma ya tona tukunya. Ashe tun a shuka ta biyu ya ga ramin yatsa, ya gaya wa mai tura baro cewa mai gyangyaɗi ba ya rufe ruwa da busasshiyar ƙasa. Tun da aka yanke ruwa kullum yana riga kowa zuwa, ya zauna bayan buhunan taki. Baba kuwa ya san wata kusurwa da ragar ta yage, tun da shi ke share wajen. Ta nan ya shiga.

Tun daga bakin get na ji ƙarar. Ba ihu, ƙarar tiyo kawai, da wannan tarin. Na shiga na same shi a durƙushe tsakanin benci biyu. Heluma ya juya tiyon, da bakin tagullar yake duka. Kan Baba ya fashe daga nan saman kunne, jini ya rufe masa ido ɗaya ya sauko gemu. Butar tana hannunsa, ruwan yana zuba a ƙasa. Yaya, ba kansa yake karewa ba. Hannu ɗaya ya miƙa a kan tukwanen don kada dukan ya same su. Na ji yana cewa, "Yaro, bi a hankali, za ka karya su." Sai Heluma ya sa masa ƙafa a haƙarƙari.

Akwai shebur a jingine a bakin ƙofa. Na ɗauka da dama, na tallafa da hannun da ke ɗaure. Heluma ya juyo zai yi magana, na ba shi a muƙamuƙi. Ƙarar kamar an taka busasshen ƙoƙo. Ya faɗa kan benci, layin ja gaba ɗaya ya kife, tukwane arba'in a ƙasa. Ya yunƙura, na ƙara masa a kafaɗa. Ya ɗaga hannu yana karewa, na nemi yatsun na ba su. Haƙoransa biyu na gani a cikin ƙasar tukunya. Na ɗaga na huɗu, da kaifin wannan karon, saitin wuya, sai mai tura baro ya rungume ni ta baya, wasu biyu suka murɗe shebur ɗin. Da sun makara da numfashi ɗaya da wata takardar kake karantawa.

Malama ta shigo a guje. Ta tattaka tsiron da ta shekara uku tana jira, ko kallonsu ba ta yi ba, ta durƙusa ta ɗaure kan Baba da gyalenta. Ta kira shi bai amsa ba. Idonsa a buɗe amma ba ya kallon kowa. Aka sa su biyun a bayan motar tasha, shi da Heluma, kafaɗa da kafaɗa. Ni aka sa ni a wata.

Ta ce mini ta faɗa wa 'yan sanda duk abin da ta sani, har da yatsuna, kuma leburori sun fara buɗe baki. Ta ce laifinta ne, kullum tana gaida tsohon amma ba ta taɓa tsayawa ta faɗa masa dalilin jan ƙyalle ba. Na ce na faɗa masa.

Abin da ke hana ni sakewa, ban ji fushi ba. Da kai ne da ka yi ihu ka yi zagi, ya wuce. Ni natsuwa na ji. Ina kallon inda zan sa shebur kamar yadda nake kallon allurar sikeli.

Kwana biyu ke nan. Duk wanda na tambaya labarin Baba sai ya ce ana kula da shi. Malama ma da na tambaye ta sai ta gyara jakarta. Yanzu na janye roƙona, ka zo. Ka fara zuwa asibiti, ka gan shi da idonka, ka rubuto mini yadda yake ba ragi. Ko mene ne, daga gare ka nake so in ji.

Ka yafe mini.
Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na iso jiya. Sajan ya ce ba ganawa sai gobe, amma ya yarda ya miƙa maka wannan.

Yana da rai. Ɗinki goma sha ɗaya, haƙarƙari biyu, kunnen hagu ba ya ji. Ya farfaɗo ya tambaye ka. Na gaya masa komai, tun daga tiyo har ƙofar sito. Ya tambaye ni wane hannu ne. Na ce hagu. Ya juya fuska bango.

Heluma ma yana da rai, an ɗaure masa baki da waya. Na je har ƙofar ɗakinsa, na ga 'yarsa tana ɗiga masa ruwa da cokali, na juyo. Zancen beli ban sani ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba.

Yau da safe Baba ya cire robar ƙarin ruwa daga hannunsa ya ce in kawo shi nan. Likita ya yi faɗa, ni ma na yi. Goya shi na yi daga mota. Ya faɗa wa sajan shi ne ya ba shinkafar ruwa, a rubuta. Yanzu yana kan bencin waje, ƙarƙashin tagarku mai ƙarfe, ya ce ba zai tashi ba sai ya gan ka.

Ka taka wani abu ka leƙo. Ka wanke fuskarka tukuna, kuma ka bar hannun a ƙasa.

Yayanka.